Gwangwanin Maɓallan Baba

Ni ce mai shagon fotokwafi a bakin ƙofar kwaleji, don haka babu irin kukan ɗalibi da bai taɓa shiga kunnena ba. Amma duk cikin masu kukan ban ga kamar 'yan ajin farko na sashen nazarin halayyar ɗan'adam ba. Waɗannan tun sakandare suke gudun lissafi, sun zo da burin su zauna a kujera mai laushi su riƙa tambayar mutane abin da ke damunsu, sai ga shi tun zangon farko an aza musu darasin ƙididdiga. An gudu ba a tsira ba. Duk farkon mako sukan cika mini shago da takardun malamarsu, masu jadawali da wani zane kamar an kife ƙwarya, suna tsaki suna cewa su fa ba wannan ya kawo su ba. Autarmu tana cikinsu, kuma ta fi kowa baki.

A gida kuwa muna da namu kukan, irin wanda ba a ɗaga murya. Baba tela ne, shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce tsakani. Wata safiya yana cikin yanka yadi almakashi ya suɓuce masa, baki ya karkace, kafin la'asar likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin dama. Da aka sallamo shi, likitan gashin ƙashi ya koya mana motsin da za a riƙa yi masa kullum, ya kuma faɗa mana gaskiya ba tare da ya shafa mata mai ba. Hannun da ƙafar suna iya dawowa, in ji shi, amma sai in bai daina motsa su ba. Wanda ya ajiye a watannin farko, to ya ajiye ke nan.

Mama ce ta ɗauki aikin. Ita ke tayar da shi, ta miƙa masa sanda, ta bi bayansa da hannuwa a buɗe kamar mai bin yaron da ke koyon tafiya. Da farko bakinta ba ya hutawa da yabo. Ranar da ya taka daga ɗaki har ƙofar shago ya dafa kekensa na ɗinki, ta yi ta tafi tana hawaye, ta kira duk 'yan'uwa a waya ta faɗa musu. Kashegari ko tsakar gida bai iya kaiwa ba. Bayan ɗan lokaci ya ɓalla maɓallan rigarsa da kansa, ta ce wallahi ya fi ƙarfin ciwon nan, gari na wayewa kofin shayi ya kuɓuce masa ya jiƙe tabarma. Rannan kuma da jikin ya ƙi sam, gajiya ta sa ta yi masa faɗa, ta ce lalaci ya fara. Da safe sai ga shi ya miƙe ba wanda ya kama shi.

Muna wanke-wanke ta faɗa mini abin da ta gano, murya ƙasa-ƙasa.

“Bakina ba shi da kyau a kan babanku. Duk ranar da na yabe shi sai ya koma baya. In na yi masa faɗa sai ya samu sauƙi.”

Na ce, “Haba Mama, wane irin zance ne wannan?”

“Ke kina shago, ni nake gida. Gani ya kori ji.”

Daga ranar ta kulle bakinta. Ba ta fasa komai na hidima ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, amma kalma mai daɗi ta ƙaura daga gidan. In ya yi ƙoƙari ta kau da kai ta ce da saura. In ya kasa ta ce ai dama. Ni da nake kallonta na san cizon leɓe take yi, don sau da yawa nakan tarar da ita a kicin tana share ido da gefen mayafi. Shi kuwa Baba bayanta kawai yake gani.

Wata ranar da na shiga gaishe shi kafin in tafi shago, ya riƙe hannuna da hagunsa. Maganarsa ta dawo, sai dai a hankali take fita.

“Mamanku ta gaji da ni. Kuma ban ga laifinta ba.”

Na rantse masa ba haka ba ne, ya yi murmushin da rabin fuska kawai ke yi. A makon nan ya fara cewa a bar motsin sai gobe, jikinsa ba daɗi. Na je na samu Mama na ce ta ji abin da shirunta ke jawowa. Ta ce gara ya ji haushinta yana tafiya da ya ji daɗinta yana kwance, kuma kada in kuskura in faɗa masa dalili, kada ya ce ta zama mai camfi da tsufanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma uwa uwa ce.

Ana haka wata rana injina ya yi gardama, takardun ajin su Auta suka makara, dole na kai su da kaina. Ɗakin karatun babba ne, bencina hawa-hawa, fanka ɗaya ce ke juyawa cikin huɗu. Malamar wata 'yar siririya ce mai tabarau, tana da murya kamar ta mai sayar da magani a tasha. Ta yi mini alama in ajiye in jira ta sa hannu, sai na tsaya a baya na jingina da bango.

Ta raba musu rula, ta haɗa su bibbiyu. Ɗaya ya riƙe rular a tsaye, ɗayan ya buɗe yatsu a ƙarƙashinta, in an saki ya cafke, a duba inda ya kama. Wai saurin hannu ake aunawa. Ajin ya kaure da ihu da ƙarar rula a siminti. Da aka gama ta tsayar da waɗanda suka fi kowa sauri ta sa aka yi musu tafi, ta tsayar da na ƙarshe ta yi musu tsiya, ta ce ko kunkuru ya fi su. Sannan ta ce kowa ya sake.

Abin mamaki, zakarun nan yawancinsu suka sauko, kunkurun kuma suka ɗan hau.

“To me ya faru?” in ji malamar.

Wani dogo a gaba ya ce tafin ne ya kumbura musu kai. Wata ta ce zagi ai yana zaburar da mutum. Ajin duk ya amince, har da masu kawo sunayen manyan masana.

Malamar ta bari suka gama sannan ta ce, “Jiya na yi wannan da ɗaya ajin. Ban yabi kowa ba, ban zagi kowa ba. Abin da ya faru nan shi ya faru can.” Ta zana layi a allo, ta yi ɗige-ɗige sama da ƙasansa. “Kowannenku yana da inda hannunsa ya saba tsayawa, shi ne matsakaicinsa. Wani jefin sa'a ta ɗaga shi sama, wani ta yar da shi ƙasa. In ka ga mutum a ƙololuwa, to ƙoƙarinsa ne da sa'a suka haɗu, kuma sa'a ba ta kwana biyu a gida ɗaya. Gobe zai komo kusa da inda ya saba, ko ka yi magana ko ka yi shiru. Matsalar ita ce mu mutane a ƙololuwa muke yabo, a ƙasa muke faɗa, sai mu ɗauka bakinmu ne ya yi aikin.”

Ban san lokacin da na daina jingina da bango ba. Na nemi Auta da ido, na same ta ta riga ta juyo tana kallona, rula a hannu, baki buɗe.

Da yamma ta tsare Mama a kicin da biro da bayan kwalin ashana. Ta yi layi, ta yi ɗige-ɗige, ta yi bayani har kumfar baki. Mama tana yanka albasa tana jin ta.

“Kin gama? Ita malamar taku ta taɓa jinyar miji?”

“Mama, lissafi ne fa, ba ra'ayi ba.”

“Lissafin da kike kuka da shi kullum? Yau kuma ya zama ɗan gida?”

Na ƙyalƙyale da dariya, Auta ta harare ni. Amma yarinyar nan in ta kafe ko jaki albarka. Ta ce to a gwada, yadda aka koya musu. Kada Mama ta zaɓi ranar yabo da kanta, don zaɓinta ne ke ruɗa abin. A bar wa ƙuri'a. Ta shiga shagon Baba ta ɗauko tsohon gwangwanin madarar da yake tara maɓallai, ta juye su a faranti, ta zaɓi biyu masu girma ɗaya, fari da baƙi, ta mayar ciki. Kowace safiya Mama za ta sa hannu ba tare da ta duba ba. In fari ya fito, ta faɗi duk alherin da ke bakinta, ko jikin ya yi kyau ko bai yi ba. In baƙi ne, ta ci gaba da yadda take. Ita kuma Auta za ta riƙa lura da yadda kashegari ke kasancewa.

Na zaci Mama za ta kore ta da muciya. Sai na ga ta ajiye wuƙa tana kallon gwangwanin.

“Wato in abu ya lalace, ba ni na zaɓa ba?”

“Ba ke ba ce, Mama. Maɓalli ne.”

“To kawo.”

Safiyar farko fari ya fito. Ina ɗaura ɗankwali a ɗakina na jiyo ta, kuma wallahi sai da na zauna a bakin gado. Duk abin da ta dunƙule a ciki tsawon watanni ta kwance shi. Ta ce masa Malam sannu da ƙoƙari, ta ce ta ga yadda yake cije haƙori bai taɓa cewa wayyo ba, ta ce ko a cikin masu lafiya ba ta ga namiji irinsa ba. Ranar ma ba wani abin kirki ya yi ba, da ƙyar ya kai bakin ƙofa. Amma da na leƙa na ga yana zaune a kujera ya gyara hula, yana satar kallonta kamar saurayi.

Haka aka yi ta yi. Gwangwani ya yi ƙara a kicin da sassafe, Mama ta fito da fara'a. Jikin Baba kuma ya ci gaba da halinsa, yau sama gobe ƙasa, sai dai ya daina cewa a bari sai gobe. Har ya sa aka buɗe masa shago yana zama a gaban keke yana taka fedar da ƙafa, ba zare ba yadi, don dai ƙafar ta tuna. Baƙin maɓallin bai cika fitowa ba. Ranakun da ya fito Mama takan ɗaure fuska, Baba ya bi ta da ido yana neman laifin da ya yi.

Da tsugune ta ƙare a nan da na ce Auta ta yi abin kai. Amma ɗalibi bai iya samun abu ya rufe baki ba. Ta je ta ba malamarsu labari tana jiran yabo. Malamar ta cire tabarau ta ce, shi mahaifin naki ya san ana gwaji a kansa? Ta ce ƙa'idar aikinsu ita ce ba a gwaji a kan mutum sai da saninsa, in kuwa an riga an yi, to wajibi ne a zauna da shi a warware masa komai. Gaskiya ta faɗa, ban ce ta yi ƙarya ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin baƙon da ya zo ɗakin gwaji da uban da ya haife ka, kuma wannan ba ya cikin takardun da nake buga musu.

Auta ba ta shawarci kowa ba. Ranar hutu da hantsi, muna tsakar gida ni da Mama muna shanya, ta ja kujera gaban Baba ta zauna, ta gyara murya irin ta malamarsu. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga rula har gwangwani. Garin gyaran gira sai ga ido zai tafi.

Baba ya saurara har ta kai aya. Sannan ya ce, “Wato maganganun nan da take faɗa mini...”

“In fari ya fito ne, Baba.”

“Ashe maɓalli ne yake yabona.”

Bai ɗaga murya ba. Ya jingina sandarsa da bango, ya ce in taimaka masa ya shiga ciki. Rigar da ke hannun Mama ta faɗi ƙasa, ba ta ko sunkuya ba. Ranar bai yi motsi ba, kashegari ma haka, ya juya fuska bango ya ce a ƙyale shi. Mama ta kai abinci ta dawo da shi. Ni kuwa na sami Auta a bayan gida na wanke ta tas, na ce ilimin da bai san inda zai taka ba gara jahilci. Ta yi ta kuka har na ji tausayinta, don na san ba mugunta ta yi ba.

A rana ta uku da safe ta share hawaye ta shiga ɗakinsa, ni ina biye da ita don kada ta ƙara ɓaro wata. Mama tana zaune a bakin ƙofa da kofin shayin da ya huce. Auta ta durƙusa.

“Baba ka yafe mini. Gwajin ma bai yi ba, ya lalace. Ban samu abin da zan kwatanta ba.”

Bai juyo ba.

“Ya kamata fari da baƙi su riƙa fitowa kusan daidai. Amma kusan kullum fari ne, baƙin sau biyu kawai ya fito. Na lissafa yadda aka koya mana, na sake lissafawa. Sa'a ba ta yin haka, Baba. In dai ƙuri'a ce ta gaskiya, sai a yi ta yi shekara da shekaru ba a ga irin wannan ba. Ban san inda na yi kuskure ba.”

Na dubi Mama, na ga ta ƙura wa shayin ido kamar yau ta fara ganin shayi. Can Baba ya motsa, ya juyo a hankali.

“Kawo gwangwanin.”

Auta ta ruga ta kawo. Ya sa na tayar da shi zaune, ya ɗora gwangwanin a cinya. Na zaci da hagu zai sa, sai na ga ya kama hannun daman da na hagu ya ɗaga shi ya cusa ciki. Ya rufe ido. Yatsun nan da suka yi watanni ba su riƙe allura ba suna ta laluben ƙasan gwangwani, maɓallan suna gudu suna ƙara. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da hannun ya fito yana rawa, farin maɓalli ne a tsakanin babban yatsa da manuni.

“Na kwat ne wannan,” in ji shi, idonsa har yanzu a rufe. “Yana da gezar baki, ga huda huɗu. Baƙin na wando ne, sumul yake, hudarsa biyu. Ko makaho ya taɓa ya san bambanci.” Ya buɗe ido ya sauke su a kan Mama. “Balle wadda ta shekara talatin tana tsince mini su.”

Auta ta juya. “Mama! Zaɓa kike yi?”

“Ni na ce ki kawo masu bambanci?” in ji Mama, tana gyara mayafin da bai zame ba. “Kuma me kuke kallona? Mutum ya yi wata da watanni yana haɗiye magana, sannan a ba shi ƙofa a ce kada ya bi?” Muryarta ta karye a nan. “Tsoro nake ji, Malam. Gani nake bakina ne ke mayar da kai baya. Kullum in na yabe ka sai na kwana ina addu'a kada gobe ta lalace. Amma na kasa dainawa.”

Baba ya daɗe yana kallonta. Ni dai ban ɓoye ba, na bar hawaye suka zubo.

“To sau biyun nan da baƙi ya fito fa?” ya tambaya.

Mama ta ja hanci, ta kau da kai.

“Rannan haushi ka ba ni.”

Dariyar ta fara daga ɓarin fuskarsa mai lafiya, ta yi ta turawa har ɗaya ɓarin ya ɗan motsa. Auta tana kuka tana dariya tana cewa an ɓata mata aiki. Baba ya miƙa wa Mama maɓallin, da hannun daman, sai da ta taso ta zo har gabansa ta karɓa.

“Miƙo mini sandar nan,” ya ce mata. “Yau jikin ba daɗi, ba lallai in kai ko ƙofa ba.”

“Ka kai inda ka kai,” in ji Mama, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa. “Tashi, sarkin ƙoƙari.”